Jean Rouch da Damure Zika: Tarihin Amincin Shekara Sittin a Bakin Kwara

Al'ada ce ta malamanmu na da, idan ɗayansu ya tashi karantar da littafi ko ba da fatawa, ba ya shiga cikin mas'ala sai ya ambaci wanda ya karɓo ilimin daga gare shi, da wanda shi ma wancan ya karɓo daga hannunsa, har silsila ta kai inda ta kai, domin a wurinsu yanke sunan mutum daga isnadi cin amana ne, ko da abin da aka faɗa gaskiya ne tsantsa. Masu rubuta tarihin sana'o'in zamani ba su cika kiyaye wannan ladabi ba, musamman a sha'anin majigi, wanda yau aka fi sani da fim, inda akan ɗauki aikin da jama'a suka sha wahalarsa shekara da shekaru a jingina shi ga mutum ɗaya, a bar sauran a matsayin 'yan rakiya. Wannan ne dalilin da ya sa na ga ya dace in bayyana wa masu karatu labarin wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda duniya ta san shi a sahun gaba na masu ɗaukar fim ɗin al'adun jama'a, da amininsa Damure Zika, Basarke ɗan ƙasar Nijar, wanda duniya ba ta san shi yadda ya kamata ba, alhali kuwa tun daga ƙuruciya har zuwa daren da ajali ya raba su a kan hanyar Birnin Ƙonni, da wuya a ga ɗayansu ya yi wani aikin fim mai ƙwari a bakin Kwara ba tare da ɗan'uwansa ba.

An haifi Rouch a birnin Faris ranar 31 ga Mayu, 1917, ya yi karatun injiniyan hanyoyi da gadoji, kuma bayan da Jamus ta mamaye ƙasarsu a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya nemi aiki a ƙasashen da Faransa take mulka, aka turo shi Yamai a ƙarshen 1941. Zamani ne mai tsanani ga talakawan Nijar, domin hanyoyin da aka ɗora masa ginawa da aikin tilas ake yin su, ana tattaro dubban mutane daga ƙauyuka su ɗauki ƙasa da duwatsu a ka, ba lada ba godiya, kuma ba a soke wannan zalunci a ƙasashen Faransa ba sai a 1946. A cikin wannan hali, wanda ba a tsammanin wata mu'amala tsakanin Bature da baƙar fata in ban da umarni da biyayya, ya haɗu da wani saurayi wanda bai kai shekara 20 ba, ɗan gidan masunta, wanda ya ɗan taɓa karatun boko, ga shi da kaifin basira da zaƙin baki, ga sanin kogi ciki da waje. Rouch ya ɗauke shi aiki, amma tun ba a je ko'ina ba sai al'amari ya juya, yaron ya zama shi ne mai karantarwa, maigidan kuwa ya koma almajiri.

Sanadin haka wata musiba ce da ta auku a 1942, yayin da aradu ta faɗa wa ma'aikata 10 a wani wurin aikin hanya da ake kira Gangel, suka mutu nan take, sauran jama'a kuma suka ƙi taɓa gawawwakin saboda tsoro. Damure ya gaya wa Rouch cewa kakarsa mace, wata tsohuwa mai suna Kaliya, ita ce ta san abin da ake yi a irin wannan hali bisa al'adar Sarkawa, suka ɗauko ta, ta zo da masu goge da masu kiɗan ƙwarya, aka yi wasan bori irin na Zabarmawa da Songai, inda suke riya cewa wani iska mai suna Dongo shi ne mai tsawa. Mu dai mun sani, kuma mun yi imani, cewa tsawa da ruwa da rayuwa da mutuwa duka a hannun Allah Maɗaukaki suke, ba shi da abokin tarayya a cikinsu. Amma ta fuskar tarihi, wannan rana ce ta buɗe wa injiniyan ido ya gane cewa mutanen da ake kora da bulala su fasa dutse suna da wata duniya ta tunani da tsari da fasaha wadda shi da 'yan'uwansa ba su san ko ƙofarta ba, kuma ta hannun Damure da kakarsa ya leƙa ta.

Ba a daɗe ba gwamnan Nijar na lokacin, wanda yake biyayya ga gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Jamus, ya kore shi zuwa Dakar, daga can ya shiga soja, ya yi yaƙi har aka ci Jamus. Da ƙura ta lafa sai ya koma ga karatun al'adun al'umma a wurin shehun malami Marcel Griaule, sa'an nan a 1946 shi da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka ƙudura niyyar bin kogin Kwara tun daga mafarinsa a duwatsun Gini har zuwa inda ya faɗa teku, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, wadda ta ratsa da su ta Yawuri da Busa da Jaba da Lakwaja, suka kammala ta a 1947. A wannan tafiya ce ya fara riƙe kyamara, wata 'yar ƙarama da ya saya a kasuwar gwanjo, wadda sai an wana ta da hannu, kuma ba ta ɗaukar abin da ya wuce kimanin daƙiƙa 25 a wani guda. Ƙafafun da ake ɗora ta a kai suka salwanta a hanya, larura ta tilasta masa riƙe ta a hannu yana bin mutane duk inda suka nufa, abin da daga baya ya zama salon da aka san shi da shi. Ya kuma yi nazarin Sarkawa masu jin Hausa da ke bin kogi da jiragensu daga ƙasar Kabi da Yawuri, ya buga maƙala a kansu a 1950.

Amma ranar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin wannan aminci ita ce wadda aka yi a garin Ayoru a 1954. Shekaru kaɗan kafin nan Rouch ya ɗauki fim ɗin yadda Sarkawa suke farautar dorina da mashi da igiya, ya sa masa suna Bataille sur le grand fleuve, watau gwagwarmaya a kan babban kogi, kuma maimakon ya wadatu da yabon da aka yi masa a Faris, sai ya ɗauko majigi da janareta da farin ƙyalle ya komo wurin masu abin, ya haska musu da dare a fili. Suka kalla, suka nemi a maimaita, sa'an nan suka shiga yi masa gyara. Babban abin da suka ƙi shi ne kiɗan da ya sanya a daidai wurin farauta, suka ce ai dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa kuwa ƙarfin zuciya yake ƙara mata, saboda haka maharbi na gaskiya shiru yake yi. Bature mai digirin digirgir ya karɓi hukuncin masunta, ya bar ɗora irin wannan kiɗa a ayyukansa na al'ada. A daren nan kuma wani maharbi mai suna Tahiru Koro ya gayyace shi ya zo ya ga masu farautar zaki da kwari da baka, daga nan aka sami fim ɗin da ya ci kimanin shekara 7 kafin ya fito a 1965 ya sami babbar lambar yabo a birnin Banis. Damure kuwa, da ya ga kansa a jikin ƙyalle, sai ya kawo shawarar su bar tsayawa ga ɗaukar abin da ya faru kawai, su shirya labari nasu na kansu su taka.

Daga wannan shawara aka sami Jaguar, wanda yake ba da labarin samari uku da suka tafi cin rani Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana a yau: Damure a matsayin ɗan boko mai son ado, Lam Ibrahim Dia, Bafulatani makiyayi, da Illo Gaudel masunci. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan hanya, domin kakanninsa fatake sun bi irinta ƙarni da ƙarni zuwa Gwanja neman goro, kuma zangunan Kumasi da Ankara cike suke da zuriyarsu. Abin da yake sabo shi ne yadda aka yi aikin, domin babu rubutaccen labari, babu mai ba da umarni daga kan kujera. Da safe su zauna su yi shawara, da rana su shiga kasuwa ko tashar jiragen ruwa su aikata abin da ɗan cin rani yake aikatawa, har suka kafa 'yar rumfar tireda a kasuwar Kumasi. Tun da yake kyamarar ba ta ɗaukar murya, sai bayan shekaru aka zaunar da Damure da Lam a gaban hotunan, suna kallo suna zuba zance da barkwanci da gardama, kuma wannan hira tasu ita ce ran fim ɗin. Ba a sake shi ga jama'a ba sai a 1967, kuma duk wanda ya kalle shi da insafi zai shaida cewa idon na Rouch ne, amma harshen da hikimar na Damure ne da Lam.

Ba zai zama adalci ba a ɓoye cewa a cikin wannan tafiya ta Gwalkwas ne Rouch ya yi aikin da ya fi jawo masa zargi, watau Les Maîtres fous na 1955, wanda ya nuna 'yan borin Hauka, wata ƙungiya da ta ɓulla a yankin Filinge wajen 1925, waɗanda iskokinsu suke kwaikwayon gwamna da kwamanda da sojan Turawa. An ga mutane suna kumfar baki suna cin naman kare, kuma da aka fara nuna shi a Faris, malaminsa Griaule ya ba da shawarar a lalata shi, ɗaliban Afirka da suke wurin suka fusata domin suna ganin zai ƙarfafa masu cewa baƙar fata dabba ne, hukumar Ingilishi kuma ta hana nuna shi a Gwalkwas saboda ta ga izgili ne ga mulkinta. Bayan shekara 10, Usman Sambene na Sanigal, wanda ake ɗauka uban fim ɗin Afirka, ya gaya masa baki da baki cewa shi da ire-irensa suna duban 'yan Afirka yadda ake duban ƙwari. Magana ce mai nauyi daga mutum mai daraja, kuma tana da hujja, domin wanda yake riƙe da kyamara da kuɗi da fasfo ɗin ƙasar da take mulki ba zai taɓa zama daidai da wanda ake ɗauka ba, komai kyan niyyarsa.

A shekarun da suka biyo baya sunansa ya kai ƙololuwa. Fim ɗinsa Moi, un Noir na 1958, wanda ya ɗauka a unguwar talakawa ta Abijan, ya girgiza samarin masu fim na Faransa, kuma jaruminsa, Umaru Ganda, tsohon soja ɗan Nijar da yake dako a tashar jiragen ruwa, ya zama mai shirya fim da kansa, har ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Haka kuma Mustafa Alasan, wanda ya fara fim ɗin zane mai motsi a Nijar, a inuwar cibiyar bincike ta Yamai inda Rouch yake aiki ya sami hanyar shiga sana'ar. A 1961 Chronique d'un été, wanda ya yi da Edgar Morin a kan mutanen Faris, ya sami yabon masu sharhi a bikin finafinai na Kan, kuma daga 1967 zuwa 1973 ya bi bikin Sigi na Dogon a ƙasar Mali, wanda ba a yin sa sai bayan kowace shekara 60. Mutum mai irin wannan ɗaukaka, da ya ga dama, da ya bar abokan ƙuruciya a matsayin tsohon labari, kamar yadda da yawa suka yi.

Amsar da aminan nan suka bai wa zargin Sambene ba ta fatar baki ba ce. A Petit à petit, wanda ya fito a 1971, Damure ne yake tafiya Faris a matsayin attajirin da yake son gina bene mai hawa da yawa a Yamai, ya shiga tituna yana tsayar da Faransawa yana auna kawunansu, yana duba haƙoransu, yana rubuta wa mutanen gida bayanin al'adun wannan ƙabila mai ban mamaki, watau ya mayar wa masu binciken Turai da irin mudun da suka daɗe suna auna wa Afirka da shi. Sa'an nan suka kafa ƙungiya suka sa mata suna DALAROUTA, daga farkon sunayen Damure da Lam da Rouch da Tallu Muzuran, wani makiyayi da ya shigo cikinsu a zamanin farautar zaki, domin aikin ya fita da sunan su huɗu. Tare suka fitar da Cocorico Monsieur Poulet a 1974, labarin masu sayen kaji a ƙauye da wata tsohuwar motar Citroën ta Lam, wadda sai an kwance ta ko an yi mata dabara kafin a ƙetare kogi da ita. A bayan kyamara kuma akwai Musa Hamidu, mai ɗaukar murya, wanda ya yi shekaru masu yawa tare da su, kuma shi ma haƙƙinsa ne a ambace shi.

Da tsufa ya fara kama Rouch, sai girmamawa ta yawaita a kansa, kasuwar sababbin ayyukansa kuwa ta ja baya. Ya shugabanci babbar taskar finafinai ta Faransa daga 1987 zuwa 1991, jami'o'in Turai da Amurka suna gayyatarsa, amma masu sharhi sun fi son maganar abin da ya yi a shekarun 1950 da 1960, suna ganin na baya-bayan nan wasan tsofaffi ne kawai. Matarsa ta fari, Jane, wadda ta yi tafiyar Gwalkwas tare da su, ta rasu a 1987, abokiyar aikinsa a ƙasar Dogon, Germaine Dieterlen, ta bi ta a 1999. Shi kuwa Damure, duk tsawon wannan zamani bai mayar da fim abin dogaronsa ba. Ya gaji sanin magani daga gidansu, ya ƙara da horon aikin jinya na zamani, ya buɗe ɗakin shan magani a unguwar Lamorde da ke ƙetaren kogi a Yamai, inda marasa hali suke samun taimako, kuma ya yi shekaru yana wayar da kan jama'a a kan kiwon lafiya ta gidan rediyon ƙasa. Saboda haka idan Rouch ya sauka Yamai, kamar yadda yake yi kusan kowace shekara, wurin mai gida da iyali da mutunci a garinsu yake sauka, kuma ya tabbatar da zancen Hausawa cewa zumunta a ƙafa take.

Finafinan da suka yi a wannan zango na ƙarshe, waɗanda aka raina, su ne a ganina suka fi bayyana haƙiƙanin abin da yake tsakaninsu, domin damuwar da take cikinsu damuwar Damure ce da maƙwabtansa. Ƙasar Sahel ta sha fari mai tsanani a 1973 da 1974, ta sake shan wani a 1984, kogi ya ja baya, gonakin gaɓa suka bushe alhali ruwa yana wucewa a gabansu, ga injin ban ruwa da mansa sun fi ƙarfin talaka. A Madame l'Eau, wanda ya sami kyautar zaman lafiya a bikin Balin a 1993, Damure da Lam da Tallu suka tafi ƙasar Holan domin su ga yadda mutanenta suke sarrafa ruwa da injin da iska take juyawa, suka komo da masani da dabarar kafa irinsa da katako a bakin Kwara. Akwai raha a cikinsa ƙwarai, kamar yadda aka saba a duk inda Damure ya buɗe baki, amma a ƙarƙashin rahar akwai tambaya mai zafi game da taimakon da ƙasashen waje suke kawowa, wanda sau da yawa yakan zo da na'urar da babu mai iya gyara ta a ƙauye, da kuma haƙƙin manomi ya je da ƙafarsa ya zaɓo abin da ya dace da gonarsa.

A 1997, Rouch yana da shekara 80, suka fitar da Moi fatigué debout, moi couché, ma'ana na gaji da tsayuwa, na kwanta, wanda aka gina a kan wani tsohon gawo da ya faɗi ƙasa amma bai mutu ba, yana magana da tsofaffin nan yana biya musu bukatunsu na mafarki. Ba sai an yi wa mai hankali tafsiri ba kafin ya gane cewa kansu suke nufi, mutane huɗu da ƙarfi ya ƙare musu, gwiwa ta yi sanyi, amma ba su yarda su daina aiki tare ba. Bayan wannan Lam ya riga su amsa kiran Mahaliccinsa, ƙungiyar ta ragu, duk da haka a 2002 Rouch ya sake haɗa Damure da Tallu a wani fim da ya yi tare da Bernard Surugue, mai suna Le Rêve plus fort que la mort, watau mafarki ya fi mutuwa ƙarfi. A shekarar nan kuma ya auri matarsa ta biyu, Jocelyne Lamothe. Mai shekara 85 da yake da gida da fansho da daraja a Faris ba ya jure zafin Yamai da ƙurarta domin neman suna ko dukiya; abin da yake kawo shi mutane ne.

A watan Fabrairu na 2004 ya zo Yamai domin halartar bikin nuna finafinan Nijar, kuma da aka sami sarari sai suka kama hanyar Tawa, garin da Mustafa Alasan yake zaune. Ranar 18 ga wata, bayan faɗuwar rana, kimanin kilomita 16 daga Birnin Ƙonni, motarsu ta afka wa wata babbar mota, Rouch ya cika a wurin yana da shekara 86, matarsa da Mustafa Alasan da Damure Zika, waɗanda suke tare da shi a cikin motar, suka tsira da raunuka. Masu sanin tarihi za su tuna cewa wannan Birnin Ƙonni, da ke daura da Illela ta ƙasar Sakkwato, shi ne garin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone ta karkashe mutanensa a 1899. A ƙasar da waɗancan suka shiga da wuta da takobi, a nan ƙaddara ta kawo wani ɗan ƙasarsu ya cika bayan shekara 105, a tsakanin aminansa 'yan ƙasa. Ba a mayar da gawarsa Faransa ba. An binne shi a maƙabartar Kirista ta Yamai tare da girmamawar hukuma, aka kuma sanya sunansa a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da take birnin a wancan lokaci.

Damure ya rayu shekara 5 bayan amininsa, ya rasu a Yamai ranar 6 ga Afrilu, 2009, ya haura shekara 80. Kafin rasuwarsa, a 2007, an buga littafinsa Journal de route a Faransa, wanda ya ƙunshi abin da ya riƙa rubutawa a tafiye-tafiyensu, kuma tun 1956 wata babbar mujallar adabi ta Faris ta taɓa buga wani yanki na rubutunsa, abin da yake nuna cewa shi ma marubuci ne mai ido da alƙalami, ya ga Bature kamar yadda Bature ya gan shi. Idan aka ɗora al'amarin a kan mizani, ba za a ce bambancin da mulkin mallaka ya gina tsakaninsu ya gushe ba, domin har yau sunan ɗaya ne a kan littattafai, kuma mafi yawan asalin finafinan a taskokin Faransa suke, jikokin masuntan Ayoru ba su da sauƙin ganin kakanninsu. Amma ba za a kuma musanta ba cewa Rouch ya yi abin da kaɗan daga tsararrakinsa suka yi: ya mayar da aikinsa gaban masu shi, ya karɓi gyaransu, ya haɗa sunansa da nasu, ya kuma riƙe zumunci fiye da shekara 60 har ya mutu a cikinsa. Hukuncin da ya dace shi ne a daina cewa finafinan Rouch kawai idan ana maganar Jaguar da 'yan'uwansa, a ce finafinan Rouch da Damure da Lam da Tallu.

Wannan tarihi yana da kira a cikinsa zuwa gare mu, musamman mutanen ƙasar Birnin Gwari, waɗanda ruwan kogin Mariga da yake ratsa ƙasarsu yake gangarawa kogin Kaduna, daga can ya shiga Kwarar nan da Damure ya yi rayuwarsa a bakinta. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, da na Kuyambana da yake maƙwabtaka da shi, sun tara maharba da masu zuma da masu sassaƙa da masu sanin itatuwan magani, ga tarihin Tsohuwar Birnin Gwari da yake a bakin dattawa. Fitinar 'yan bindiga kuwa ta tashi ƙauyuka da yawa, ta raba tsofaffi da wuraren da iliminsu yake rataye da su, kuma duk dattijon da ya rasu a gudun hijira yakan tafi da abin da ba a rubuta ba. Yau wayar da take aljihun kowane saurayi ta fi kyamarar Rouch ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka uzurin rashin kayan aiki ya faɗi. Ina roƙon samarinmu masu ilimi, da masu shirya finafinan Hausa a Kano da Kaduna, su nemi waɗannan dattawa tun suna raye, su nemi izininsu, su ɗauki bayaninsu a natse, su komo su nuna musu abin da aka ɗauka domin su gyara, sa'an nan su rubuta sunan kowane mai ba da ilimi a gaban aikin, daidai da nasu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma mayar da zaman lafiya ƙasarmu.